Wasan haɗa hoto na yara

Wasan haɗa hoto wani nau'i ne na wasa ƙwaƙwalwa da ake yanka hoto ko taswira guntu-guntu, a cakuɗa guntayen, sannan mai wasa ya mayar da kowanne gurbinsa har hoton ya koma yadda yake. Mutum ɗaya ne yake yin sa. Ba a buƙatar abokin karawa, babu kuma wanda ake kayarwa: wasan yana ƙarewa ne idan guntu na ƙarshe ya shiga. Ana yin na ƙananan yara da katako, ko kwali mai kauri, ko roba mai laushi, kuma a yau ana samun sa a kwamfuta da wayar hannu.

Duk da cewa manya ma suna yin sa, har da masu guntaye dubbai, asalinsa kayan koyarwa ne. An fara sayar da shi a birnin Landan a shekarun 1760 domin koya wa yara labarin ƙasa, kuma ya shafe fiye da ƙarni guda a matsayin abin yara kafin manya su rungume shi. Har yanzu yana cikin kayan da aka fi gani a makarantun renon yara, kuma masana halayyar yara sun yi bincike a kan abin da yake koyarwa da abin da ba ya koyarwa.

Suna

A Turanci ana kiran wasan jigsaw puzzle. Kalmar farko sunan wani siririn zarto ne da ake yanka lanƙwasa da shi a jikin katako, kuma ba a laƙaba wa wasan wannan suna ba sai farkon ƙarni na 20. Kafin nan mutanen Ingila suna kiran kayan da sunan da ke nufin taswirar da aka yayyanka. Faransawa sun ari kalmar puzzle, amma a da sukan ce masa wasan haƙuri. A Sifaniyanci kuwa rompecabezas ake cewa, wato mai fasa kai.

A Hausa siffanta shi ake yi: haɗa hoto, ko haɗa taswira idan taswira ce. Ana sanya shi cikin rukunin wasa ƙwaƙwalwa, kuma akwai abin lura a wannan suna. Kalmar wasa da ke cikinsa ba ta wargi ba ce. Aikatau ce, irin wadda ake ji a wasa wuƙa, wato a goga ta a dutse har ta yi kaifi. Karin sauti ne ya raba kalmomin biyu: ta wargi tana farawa da karin ƙasa ta ƙare da na sama, ta kaifi kuwa tana farawa da na sama ta sauko. Da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, mutane da yawa sun ɗauka kalma ɗaya ce, har suna rubuta wasan ƙwaƙwalwa. Wannan ma yana ba da ma'ana, amma rashin harafin n a wasa ƙwaƙwalwa shi ke nuna cewa aikatau ne da karɓau.

Wasan ya sha bamban da kacici-kacici, wanda da baki ake yi tsakanin mai tambaya da mai amsawa, ya kuma sha bamban da dara, wadda sai da abokin karawa.

Taswirar da aka yanka

Mutumin da aka fi dangantawa da fara sayar da wasan shi ne John Spilsbury (1739–1769), mai zana taswira a Landan. Ya koyi sana'a a hannun Thomas Jefferys, wanda yake zana wa Sarki George na III taswira. Wani kundin sunayen masu sana'a na Landan na shekarar 1763 ya riga ya ambaci Spilsbury a matsayin mai yanka taswira a katako domin sauƙaƙa koyar da labarin ƙasa. Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. Yakan liƙa taswirar da aka buga a takarda a jikin siririn allo na mahogani, ɗan'uwan maɗaci, sannan ya bi iyakokin ƙasashe da zarto. Kowane guntu masarauta ce ko gunduma. Taswirarsa ta Turai ta shekarar 1766 tana nan a ajiye a Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. Ya fitar da iri takwas: duniya, Turai, Asiya, Afirka, Amurka, Ingila da Wales, Ayilan, da Sikotilan. Ya rasu yana da kimanin shekara talatin, matarsa ta ci gaba da kasuwancin.

Ba kowa ne ya yarda Spilsbury ya ƙirƙiro dabarar ba. Wasu masana tarihin kayan yara suna ganin Jeanne-Marie Leprince de Beaumont, malama 'yar Faransa da ta koyar da 'ya'yan masu hali a Landan, ta riga shi amfani da taswirar katako. Abin da babu gardama a kai shi ne fadar Ingila ta karɓi kayan da wuri. Lady Charlotte Finch, wadda ta riƙe tarbiyyar 'ya'yan George na III daga shekarar 1762, ta koyar da su da irin wannan taswira, kuma akwatin da take ajiye su a ciki bai ɓace ba.

Kayan masu kuɗi ne a lokacin, domin da hannu ake yanka kowanne, da hannu kuma ake shafa masa launi. Littafin Mansfield Park na Jane Austen, wanda ya fito a 1814, ya nuna matsayin da suka samu: 'ya'yan gidan attajiri suna raina 'yar'uwarsu da ta zo daga gidan talakawa saboda ba ta iya haɗa taswirar Turai ba. Iya haɗa taswira ya zama alamar irin gidan da yaro ya fito.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta waɗannan na farko da mafi yawan na yau. A wurin Spilsbury yankan kansa shi ne darasin. Yaron da ya riƙe guntun Italiya ya ji siffar Italiya a hannunsa, kuma ba zai iya ajiye shi ba sai ya gano maƙwabtanta. A wasannin baya, inda injin ke yanka hoto ba tare da la'akari da abin da ke jikinsa ba, wannan alaƙa tsakanin siffa da ma'ana ta tafi.

Daga taswira zuwa hoto

A shekarun 1780 masu buga littattafai na Landan, irin su John Wallis da William Darton, suka faɗaɗa abin ya wuce taswira. Aka samu jerin sarakunan Ingila, da labaran Baibul, da haruffa, da jadawalin lissafi, da darussan tarbiyya. A ƙarni na 19 buga hoto mai launi ya yi araha, zarton da ake turawa da ƙafa ya sauƙaƙa yanka, kamfanoni a Jamus da Amurka suka shigo. Hotunan dabbobi da jiragen ƙasa da tatsuniyoyi suka fara yawa, wa'azi ya ragu. A mafi yawan na wancan zamani guntayen ba sa sarƙe juna, sai dai na gefe, don haka ɗan bugun tebur kaɗan yakan watsa aikin.

Manya sun shigo ne a wajen 1908, lokacin da yayin wasan ya kama Amurka, kamfanin Parker Brothers ya fara fitar da na katako domin su. Yayi na biyu ya zo a 1932 da 1933, a tsakiyar gagarumar karayar tattalin arziki, lokacin da injin mai wuƙaƙen ƙarfe ya sa ana iya yanka kwali a bugu ɗaya. Kwalin nan mai araha shi ne ya kai wasan gidajen da ba za su taɓa iya sayen na mahogani ba. Kamfanin Ravensburger na Jamus, wanda aka kafa a 1883, ya shiga wannan kasuwa a 1964, kuma yana cikin waɗanda suka fi shahara a yau.

Allon siffofi

Wasan da ake ba yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu yana da wani tushe daban, daga asibiti ba daga shagon taswira ba. Édouard Séguin (1812–1880), likita ɗan Faransa da ya yi aiki da yara masu naƙasar fahimta, ya yi amfani da allo mai gurabe, kowane gurbi da siffarsa: da'ira, murabba'i, alwatika, tauraro da sauransu. Aikin yaro shi ne ya sa kowane katako a gurbin da ya dace da shi.

Maria Montessori (1870–1952), likita 'yar Italiya, ta karanta ayyukan Séguin ta ɗora a kai. A makarantar da ta buɗe a unguwar San Lorenzo ta birnin Roma ranar 6 ga Janairu, 1907, ta ba wa yaran talakawa masu cikakkiyar lafiya irin waɗannan kaya. Abin da ta fi jaddadawa shi ne kayan su nuna wa yaro kuskurensa da kansu. Idan ya sa katako a gurbin da ba nasa ba, ko dai ya ƙi shiga, ko kuma a ƙarshe wani ya rage a hannu babu inda za a sa shi. Ba sai malama ta ce masa ya yi kuskure ba. Wannan ita ce babbar hujjar da ake kafawa wajen cewa wasan ya dace da yaro shi kaɗai: yana da alƙalinsa a jikinsa, kuma alƙalin ba ya tsawa. Makarantun da ke bin tsarinta har yau suna amfani da taswirar katako mai ɗan mariƙi a kan kowace ƙasa, kowace nahiya kuma da launinta. Afirka kore ce, Asiya rawaya, Turai ja. Riƙe mariƙin da yatsu uku shiri ne na riƙon alƙalami.

Allon siffofi ya kuma bi wata hanya da ba ta wasa ba. Da yake ba ya buƙatar magana, an mayar da shi gwajin basira. A shekarun 1910 likita Howard Knox ya yi amfani da irin waɗannan alluna, har da fuskar mutum ta katako da ake haɗawa, wajen tantance baƙin da ke shiga Amurka ta Tsibirin Ellis, waɗanda yawancinsu ba sa jin Turanci. Wanda aka yanke wa hukuncin raunin hankali ana iya mayar da shi inda ya fito. An ɗauka gwajin bai damu da harshe ko al'ada ba, amma mutumin da ya taso yana irin wannan wasa da wanda bai taɓa ganinsa ba, ba daga wuri ɗaya suka fara ba.

Ire-irensa

Mafi sauƙi shi ne allo mai gurabe, inda kowane guntu cikakken abu ne, kamar saniya ko mota ko lamba, kuma ba ya haɗuwa da wani. Daga shi sai mai firam, inda ake haɗa guntaye kaɗan a cikin tire mai baki, wani lokaci da zanen layukan a ƙasa domin taimako. Sai na shimfiɗawa a ƙasa mai manyan guntaye, sannan na sosai mai harshe da gurbi waɗanda ke sarƙe juna. Akwai kuma na ƙananan akwatuna masu fuska shida, kowace fuska da ɓangaren wani hoto daban, da na hawa-hawa wanda ke nuna, misali, ƙashi a ƙasa, tsoka a tsakiya, fata a sama.

Masu ƙera kayan sukan rubuta shekarun da suka dace a jikin kwali. A taƙaice, ɗan shekara biyu zuwa uku yakan iya da guntaye huɗu zuwa goma sha biyu, ɗan shekara huɗu ya kai ashirin da huɗu ko fiye, ɗan shekara shida kuma ya tunkari ɗari. Wannan kintace ne kawai. Yawan guntaye ba shi kaɗai ke sa wuya ba: hoto mai faffaɗan sararin sama launi ɗaya ya fi wahalar da yaro a kan mai abubuwa daban-daban, ko da adadinsu ɗaya ne.

Abin da bincike ya nuna

Binciken da aka fi ambata shi ne na Susan Levine da abokan aikinta a Jami'ar Chicago, wanda aka buga a 2012. Sun riƙa ziyartar gidajen yara 53, duk bayan wata huɗu, suna ɗaukar bidiyon minti 90 na harkokin gida, tun yaran suna da wata 26 har suka kai wata 46. Kusan rabinsu ne aka gani suna wasan haɗa hoto. Da suka kai wata 54 sai aka gwada su: a nuna wa yaro ɓari biyu na wata siffa, ya zaɓi siffar da za ta fito idan aka haɗa su, ba tare da ya taɓa ba. Waɗanda aka gani suna wasan sun fi sauran ƙoƙari, ko bayan an cire tasirin kuɗin shigar iyaye da iliminsu da yawan maganarsu da yaran. An kuma lura cewa yara maza sun fi samun wasanni masu wuya, iyayensu kuma sun fi yi musu maganar siffa da wuri a lokacin wasan.

A 2015 Jamie Jirout da Nora Newcombe suka duba bayanan yara 847 masu shekara 4 zuwa 7 a Amurka. Waɗanda iyayensu suka ce suna yawan wasa da haɗa hoto da bulo da wasannin allo sun fi samun maki a gwajin tsara bulo bisa zane.

Ya kamata a karanta waɗannan sakamako da hankali. Dukansu alaƙa suka nuna, ba sanadi ba. Mai yiwuwa ne wasan ya ƙara wa yaro fahimtar siffa, mai yiwuwa ne kuma yaron da tun farko yake da wannan fahimta shi ne wasan ke burgewa har yake komawa gare shi. Sannan a Amurka aka yi su. Abin da suka auna kuma abu ɗaya ne takamaimai, wato iya juya siffa da matsar da ita a cikin tunani. Ba su nuna cewa wasan yana ƙara basira gaba ɗaya ba, kamar yadda ake yawan rubutawa a jikin kwalaye. Dalilin da ya sa ake damuwa da wannan fasaha ɗaya shi ne wasu binciken sun danganta ta da nasara a lissafi da kimiyya da injiniyanci daga baya.

Wani bincike na Martin Doherty da abokan aikinsa a Birtaniya, wanda ya fito a mujallar Child Development a 2021, ya tambayi wata tambaya daban: da me yaro yake haɗawa, da siffar guntu ko da hoton da ke jikinsa? Sun ba wa yara masu shekara 3 zuwa 5 wasanni iri-iri, wani babu hoto sai siffa, wani kuma duk guntayen siffarsu ɗaya sai hoto. 'Yan shekara uku galibi gwaji suke yi, su tura guntu, in ya ƙi su ɗauki wani. Daga wajen shekara huɗu ne yara suke fara amfani da hoton a matsayin jagora, kuma wannan ya zo daidai da lokacin da suke fara gane cewa hoto yana wakiltar wani abu ne. Ma'ana, ɗan shekara uku da ɗan shekara biyar na iya kammala wasa ɗaya amma ba aiki ɗaya suka yi ba.

Rawar da harshe ke takawa

Ko da yake wasan na mutum ɗaya ne, ƙaramin yaro ba kasafai yake yin sa babu babba a kusa ba, kuma abin da babban ke faɗa yana da tasiri. Shannon Pruden da Levine da Janellen Huttenlocher sun ruwaito a 2011 cewa yaran da iyayensu suka fi amfani da kalmomin siffa da girma, kamar doguwa, lanƙwasa, kusurwa, su ma sun fi furta irin waɗannan kalmomi, kuma sun fi ƙoƙari a gwajin fahimtar siffa daga baya. Akwai bambanci tsakanin a ce wa yaro "sa shi nan" da a ce masa "nemo mai miƙaƙƙen gefe". Ta farko ta warware masa matsalar yanzu, ta biyu ta ba shi abin da zai nema a kowane wasa.

Wannan ba ya buƙatar Turanci. Hausa tana da wadatattun kalmomin wuri, kuma da yawa daga cikinsu daga sassan jiki suka fito: kan daga kai, cikin daga ciki, bayan daga baya, bakin daga baki, gindin daga gindi. Yaron da ya san kansa da bayansa ya riga ya riƙe mabuɗin "kan allo" da "bayan hoto". Aikatau ma suna rarrabe motsi dalla-dalla. Juya daban, kifa daban, karkata daban, matsa daban, kuma guntun da ya ƙi shiga yawanci ɗaya daga cikin huɗun nan yake buƙata. Sunayen siffofi kuwa, irin su da'ira da murabba'i, aro ne daga Larabci, kuma galibi a makaranta ake fara jin su.

Haruffa da taswirori

Allon haruffa yana cikin ire-iren da aka fi saya wa yara, kuma a nan ne matsalar harshe ta fi fitowa fili. Wanda aka yi domin Turanci yana da haruffa 26. A cikinsu akwai p, q, v da x, waɗanda ba sa cikin abacadar Hausa, sannan babu ɓ, ɗ da ƙ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar ko 'y da ake rubutawa a Najeriya, babu kuma tagwayen sh da ts. Waɗannan ba ado ba ne. Su ne suka raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai. Hotunan da ke ƙarƙashin haruffan ma sukan saɓa. Ƙarƙashin C akan sa kyanwa, ƙarƙashin D kuma kare, domin da waɗannan haruffa sunayensu ke farawa a Turanci. Yaro mai jin Hausa da ya ɗaga D ya ga kare, an ba shi darasin da ke karo da abin da kunnensa ke ji, sai fa in Turancin ake son koya masa, a kuma faɗa masa hakan. A allon Hausa cokali ne zai zauna ƙarƙashin C, doki ƙarƙashin D.

Allon haruffan Larabci yana da tasa iyakar. Yakan nuna kowane harafi a tsaye shi kaɗai, alhali a rubutu mafi yawansu suna sauya siffa gwargwadon ko a farkon kalma suke, ko tsakiya, ko ƙarshe.

Taswira kuma tana tsufa. Ta Afirka da aka yanka kafin 2011 ba ta da Sudan ta Kudu. Najeriya ta tashi daga jihohi 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996, don haka tsohon allo zai iya rasa Katsina ko Jigawa ko Zamfara. Taswirar duniya da aka zana bisa tsarin Mercator tana nuna Greenland kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau goma sha huɗu. A takarda ido ne kaɗai ke ruɗuwa. A katako har hannu.

Wasan na daga cikin kayan koyarwa da suka fi sauƙin yi a gida ko a aji. Hoton tsohuwar kalanda, da kwalin kaya, da gam, da almakashi sun isa, kuma mai yin sa yana da damar zaɓen haruffa da hotunan da suka dace da harshen yaran.

A kwamfuta da waya

A manhaja yaro yana jan guntu ne da yatsa ko linzamin kwamfuta. Guntu ba ya ɓata, ana iya ƙara wuya a hankali, kuma waya ɗaya tana ɗaukar hotuna ɗaruruwa. Sai dai a yawancin na ƙananan yara guntun yakan zo a miƙe, ba ya buƙatar juyawa, kuma da ya kusanci gurbinsa sai ya faɗa da kansa. Juyawar nan kuwa tana cikin abin da binciken Chicago ya auna.

Daga cikin sanannun manhajojin kyauta akwai GCompris, wadda Bruno Coudoin ɗan Faransa ya fara a shekarar 2000, kuma yanzu take ƙarƙashin ƙungiyar masu sa kai ta KDE. Sunan wasa ne da jimlar Faransanci mai nufin "na gane". An yi ta domin yara masu shekara 2 zuwa 10, tana da ayyuka sama da ɗari, ciki har da haɗa hoto, haɗa taswirar nahiyoyi, da tangram, wato wasan ƙasar Sin mai guntaye bakwai. Babu talla a cikinta, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma masu sa kai ne suke fassara ta zuwa harsuna.

Ko abin da yaro ya koya a fuskar waya yana bin sa zuwa kayan gaske, wannan ya danganta da shekaru. Wani bincike na 2015 ya nuna wa yara 'yan shekara biyu da rabi da 'yan shekara uku yadda ake haɗa wasa mai guntaye uku. Waɗanda suka gani a allo sannan aka ba su na gaske ba su kai waɗanda aka nuna wa ido da ido ba. Wani kuma na 2016 daga Ostareliya ya samu cewa yara masu shekara 4 zuwa 6 da suka yi atisayen Hasumiyar Hanoi, wasan matsar da faya-faye tsakanin sanduna uku, a kan allon taɓawa sun iya kai abin da suka koya kan na katako.

Talla wata matsala ce. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun duba manhajoji 135 da ake yi wa yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, suka samu cewa kashi 95 cikin ɗari suna ɗauke da aƙalla nau'in talla ɗaya, har da waɗanda aka yi wa laƙabin na ilimi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Kariya

Babban haɗarin wasan ga ƙananan yara shi ne guntu ya maƙale a maƙogwaro. Dokokin kayan wasa na Amurka da na Tarayyar Turai suna amfani da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sayar da shi domin yaron da bai kai shekara uku ba. Ba guntun kaɗai ake dubawa ba, har da mariƙin da ke kansa, domin yakan cire idan gam ya saki. Ƙananan maganaɗisu sun fi haɗari: idan yaro ya haɗiye biyu ko fiye, suna iya jan juna ta cikin hanji su huda shi. Ana kuma iyakance dalma a fentin kayan yara, saboda yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu baki yake fara kai wa abu. A gidan da yara suke hawa-hawa, wasan ɗan shekara shida mai ƙananan guntaye akan ajiye shi inda ƙaninsa mai rarrafe ba zai kai ba.